Inda Ake Goya Bindiga a Fili

Duk wanda ya tashi a Bimbilla ya san sanarwar da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida take aikowa daga Accra a duk lokacin da za a sabunta dokar hana fita. A faɗi ƙarfe nawa za a shige gida, ƙarfe nawa za a fito, sannan a rufe da gargaɗin da ba ya sauyawa: an hana kowa yawo da bindiga ko harsashi ko wani makami a garin da kewayensa, wanda aka kama kuwa sai kotu. Shekara da shekaru muna jin wannan a rediyo, har yaran zango suka haddace shi. Mutanen Yendi sun san irinta, na Bawku kuwa ba a magana. Da wannan tarbiyya na sauka a Svalbard, tsibiran da hukuma da bakinta take ba ka shawara kada ka wuce gidan ƙarshe na gari sai da bindiga.

Karatu ne ya kai ni Tromso, a arewacin ƙasar Norwe, daga can aka tura ajinmu aikin fili a Svalbard cikin bazararsu. Tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a jirgin sama, arewa sak, ba abin da ke ƙarƙashinka sai teku. Babban garin, Longyearbyen, yana kwance cikin wani kwari tsakanin duwatsu, mutanensa kimanin 2,500 ne, tsakaninsa da ƙuryar arewacin duniya kimanin kilomita 1,300. Wani Ba'amurke mai suna John Longyear ne ya kafa shi a 1906 don haƙar kwal. Yarjejeniyar da aka ƙulla a 1920 ta ba Norwe mulkin tsibiran, amma ta bar ƙofa a buɗe, har yau ba a tambayar kowa biza don ya zauna a can, in dai yana da abin riƙe kansa. Shi ya sa a kanti ɗaya za ka ji harshen Norwe, ka ji na Rasha, ka ji na mutanen Tailan da Filifin.

Babu itace ko ɗaya a tsibiran. Ba wai sun yi ƙaranci ba, babu su ne. Abin da masana tsirrai suke kira itace a can bai kai tsawon ɗan yatsa ba, a ƙasa yake shimfiɗe. Gidaje a kan turaku suke tsaye, domin ƙasar a daskare take shekara da shekaru, in ɗumin ɗaki ya taɓa ta sai ta narke gini ya nutse. Saboda wannan daskarewa aka daina binne gawa a maƙabartar garin, ƙasar ba ta cin abin da aka ba ta. Mace mai ciki kuma, in haihuwa ta gabato, jirgi take hawa ta tafi Tromso ko wani gari. An hana kiwon kyanwa saboda tsuntsaye. Wasu barewa gajeru masu kauri suna kiwo a gindin gidaje, ba su damu da kowa ba.

Sai rana. Daga wajen 20 ga Afrilu zuwa 22 ga Agusta ba ta faɗuwa sam. Kewaya sama take yi, da tsakar dare ta koma arewa ta ɗan sunkuya, ta ci gaba da tafiya. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu kuma ba ta fitowa. Na yi sallar isha'i da hasken da a gida za a ce hantsi ne, ina bin lokutan Makka yadda Musulmin Tromso suke yi idan rana ta ƙi faɗuwa. Alƙibla ma ta bar gabas ta koma kudu, da ɗan karkata kaɗan. Duk waɗannan sun girgiza ni, kuma na yi ta tasbihi ga Mai jujjuya dare da rana. Amma abin da ya fi zama mini a rai ba a sama yake ba, a bayan mutane yake.

Wata budurwa na fara gani, a kan keke, jakar goyo a bayanta, doguwar bindiga rataye a kan jakar. Ta wuce wata mata mai tura jariri a keken yara, suka gaisa, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa ƙafata ta tsaya da kanta, idona ya shiga neman lungun da zan faɗa. Wanda ya taɓa kwanciya rub da ciki a tsakar ɗaki yana ƙirga ƙarar harbi ya san abin da nake nufi. Wani abokin karatuna ɗan ƙasar ya lura, ya ce in dubi bindigar da kyau. Sakatarta a buɗe take, an ja ta baya, kowa na iya ganin cikinta wayam. Doka ce: ba a yawo da bindiga mai harsashi a cikin gari, kuma bai isa ka san taka babu komai ba, sai wanda ke tafe a bayanka ma ya gani da idonsa. A ƙofar kanti da sauran wuraren taruwar jama'a akwai hoton bindiga da aka ja wa jan layi, wato ba a shiga da ita. A wasu wuraren an tanadi akwatin ƙarfe, ka kulle ta, ka yi sayayyarka, ka fito ka ɗauka.

Dalilin duk wannan dabba ɗaya ce, farin beyar. Namijinsa yana kai kilo 350 zuwa 700, in ya miƙe a kan ƙafa biyu ya kusa ninka mutum. Abincinsa na asali karen ruwa ne da yake kamawa a kan ƙanƙarar teku, amma in yunwa ta kama shi a tudu, duk abin da ke motsi nama ne. Masana sun ƙiyasta akwai kimanin 3,000 a yankin Tekun Barents baki ɗaya, wasu ɗaruruwa kaɗan daga ciki ba sa barin Svalbard duk shekara. Ba shi da lokaci, ba shi da iyaka. A 1995 ya kashe wata matashiya a kan dutsen Platåberget da ke kallon garin. A watan Agustan 2020 ya kashe wani ɗan ƙasar Holan cikin tantinsa, a filin kwanan baƙi da ke dab da filin jirgin sama. A bakin gari akwai allo mai kusurwa uku da hotonsa a jiki, an rubuta cewa gargaɗin ya shafi dukkan Svalbard. Daga wannan allon gari ya ƙare.

Abin mamaki, dabbar tana da kariyar doka mai tsanani. Tun 1973 aka hana farautarta, shekarar da Norwe da Kanada da Denmak da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a Oslo kan yarjejeniyar kare ta. Abin da doka ta wajabta wa mai fita bayan gari shi ne ya riƙe abin korar beyar, wato ƙaramar bindiga mai harba wuta da ƙara. Babbar bindiga kuwa ofishin gwamnan tsibiran ne ke ba da shawarar a riƙe ta, kuma ban ga wanda ya yi wasa da shawarar ba. Haramun ne ka bi beyar, ko ka jawo shi da abinci, ko ka dame shi. Daga farkon 2025 an ƙara da cewa tsakaninka da shi kada ya gaza mita 300, daga Maris zuwa ƙarshen Yuni kuma mita 500. Ga bindiga a hannunka, ga doka tana ce maka nasararka ita ce ka dawo da harsashinka cif yadda ka fita da su.

Kafin a bar mu mu taka ko'ina sai da aka kai mu filin koyon harbi a gefen dutse. Cibiyar jami'a da ke garin, wadda aka buɗe a 1993, ba ta barin ɗalibi ya fita aikin fili sai ya yi wannan horo, ko da tsirrai ya zo karanta. Bindigar ba a yarda ta gaza mai harsashin .308 ko .30-06 ba, domin ƙaramin harsashi fusata dabbar kawai zai yi. Yawancin waɗanda ake haya a gari tsofaffin Mauser ne da sojan Jamus suka bari a Norwe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka gyara su. Hayar ma sai da izinin ofishin gwamna. Da na riƙe irinta, ƙarfe da katako wajen kilo huɗu, sai Bimbilla ta faɗo mini a rai, domin da bindigogin Jamus aka ƙone garinmu a ƙarshen Nuwamban 1896, kwanaki kaɗan kafin su karkashe mayaƙan Dagomba a Adibo ranar 4 ga Disamba, su wuce Yendi.

Abin da aka fi nanata mana shi ne rabin ɗuri. Ka zuba harsashi a gidansu, ka danne su da babban yatsa, ka tura sakata ta wuce ta samansu ba tare da ta ɗauki ko ɗaya ba. Harsashi na ciki, amma bakin bindiga babu komai, ko ka faɗi, ko wani abu ya taɓa kunamar, ba abin da zai tashi. In buƙata ta zo, ja ɗaya da turi ɗaya ya isa. Ana yin wannan ne a gindin allon nan na bakin gari, baki na kallon inda babu kowa, abokin tafiya yana tsaye yana gani, sai ya ce ya shaida. In an dawo, a nan ɗin dai za a tsaya a zazzage harsashin, a ƙirga, a bar sakata a buɗe.

Sai babbar tambayar da ta fi kowace jawo gardama a tsakanin masu tafiyar ƙasa a can: ina za ka sa bindigar, alhali ga jaka a bayanka mai kilo 15 ko 20? Mai sauƙin ita ce ka ɗaure ta a gefen jakar da igiyoyin jakar, gindinta cikin aljihun gefe, bakinta sama. Hannuwanka biyu sun huta, kana iya dafa dutse, kana iya dogara sanda. Amma nauyin yana rinjayar da kai gefe ɗaya, sai ka sa gorar ruwa ko wani abu mai nauyi a ɗaya gefen. Babban aibin kuma shi ne lokaci. Malamin da ya horar da mu ya sa muka yi lissafin da kanmu. Beyar yana gudun kilomita 40 a awa, wato wajen mita 11 a daƙiƙa ɗaya. In ya ɓullo daga bayan tudu mita 50 da kai, daƙiƙa biyar gare ka. Ya ce wani ya goya jaka da bindiga ɗaure, ya duba agogo, ya ce bismillah. Kafin ɗalibin ya kwance maɗaurin ƙugu, ya sauke jakar, ya ɓalle igiya biyu da safar hannu mai kauri, lokacin ya wuce ya ninka.

Ratayawa a kafaɗa ta fi sauri, sai dai maratayin bindiga yana hawa kan maratayin jaka, ya yi ta zamewa, ka yini kana ɗaga kafaɗa ɗaya har wuyanka ya sage. Wasu suna ratayo ta ta gaba, a gicciye a ƙirji, tana kusa da hannu amma tana tare maka ganin inda za ka taka, in kana hawan dutse kuma gindinta ya riƙa bugun gwiwa. Akwai masu ɗinka wani aljihu a maɗaurin ƙugun jaka, gindin bindiga ya zauna a ciki, a kama samanta da maɓalli guda a kafaɗa, ja ɗaya ta faɗo hannu. Wannan ce ta fi burge ni, domin nauyin yana sauka a ƙugu, ba a wuya ba. Jagorarmu, wata mata da ta yi shekaru tana kai mutane duwatsun nan, ita dokarta ta danganta da wuri. A fili inda ido ke ganin kilomita, ta yarda a ɗaure a jaka. Da an shiga kwazazzabo, ko bakin teku, ko hazo ya sauko, sai ta ce a kwance a riƙe a hannu. Kuma ba ta yarda bindiga biyu su kasance wuri ɗaya ba: ɗaya a gaban ayari, ɗaya a ƙarshe.

Akwai ƙananan abubuwa da sanyi ne kaɗai ke koyar da su. Ana liƙe bakin bindiga da salatif, don kada dusar ƙanƙara ko taɓo su toshe shi in mutum ya faɗi, harsashi kuwa ba ruwansa da salatif. Ba a cika mata mai, domin a tsananin sanyi man yana yin kauri ya riƙe allurar. Da hunturu ba a shigar da ita wuri mai ɗumi a fito da ita nan take, gumin da ta yi zai daskare a ciki. Waɗannan ba ƙa'idodin ado ba ne. Ranar 5 ga Agustan 2011 beyar ya shiga sansanin wasu ɗaliban Birtaniya kusa da ƙanƙarar Von Post, ya kashe yaro ɗan shekara 17, ya raunata mutum huɗu. Wayar tarkon da suka kewaye tantunansu da ita ba ta tashi ba. Jagoran da ya ɗauki bindiga ya yi ta ƙoƙarin harbi tana zubar da harsashi ƙasa, saboda makullin tsaronta ba ya inda ya kamata. Sai da dabbar ta ji masa rauni sannan ya samu ya tsinci harsashi ya kashe ta. Tun daga nan ba wanda ke koyar da harbi a Svalbard bai kawo wannan labarin ba.

Fitar da ta fi zama mini a rai ita ce ta hawan ƙanƙarar Longyear, wadda ke can ƙarshen kwarin. Kogi ne na ƙanƙara daskararre, yana gangarowa a hankali yana tura tarin duwatsu a gabansa. Cikin waɗannan duwatsu jagorarmu ta ɗauki wani falale ta juya shi, sai ga hoton ganye kwance a jiki, da jijiyoyinsa duka, faɗinsa ya kai tafin hannu. A ƙasar da babu itace! Miliyoyin shekaru da suka wuce daji ne a wurin, kwal ɗin da aka yi ta haƙa a nan ma gawar irin wannan dajin ce. Ni ne na ƙarshe a ayari a ranar, bindiga ta biyu tana hannuna, don haka ko ganyen ban samu na ƙare masa kallo ba. Aikin mai bindiga shi ne ya juya wa abin sha'awa baya. Kowa yana tsugune yana duba dutse, kai kana tsaye kana zagaya ido, kana tambayar kowane farin abu a nesa ko ƙanƙara ce ko mai numfashi.

A wata fitar ta bakin teku muka ga sawu cikin laka. Faɗinsa kamar faifai, ga ramin farata biyar a gaba. Jagorarmu ta tsuguna ta taɓa gefen sawun, ta ga bai bushe ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mu haɗu wuri ɗaya, ta sa aka fito da bindigar wuta, ta tunatar da mai riƙe da ita cewa wutar a tsakaninmu da dabbar ake so ta faɗi, in ta faɗi a bayanta to an koro ta kanmu ne. Muka juya muka koma kwalekwale, aikin ranar ya tashi. Ba wanda ya yi gunaguni. Tsarin a jere yake: ka gani da wuri, ka janye, in ya biyo ka yi hayaniya, ka harba wuta, sai in duk wannan ya ƙi kuma rai na cikin haɗari sannan a auna ƙirji. Daga baya, daga cikin jirgin ruwa, na ga beyar ɗin da tabarau mai jawo nesa, yana tafe shi kaɗai a gaɓa, launinsa ba fari fat ba, ya ɗan yi ruwan ƙwai. Tafiyar ƙasaita yake yi, ta wanda bai taɓa jin tsoron komai ba.

A gefen dutsen Platåberget akwai wata ƙofar siminti da ta leƙo daga cikin dutse. Rumbun irin shuka ne na duniya, an buɗe shi a Fabrairun 2008, ana ajiye iri a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, fiye da mita 100 cikin dutsen. Cikin akwatunan farko da suka isa akwai na cibiyar binciken noma ta Ibadan, da wake da masara da gurjiya a ciki. A Oktoban 2023 Ghana ma ta kai nata. Ba a shiga, daga waje muka tsaya. Ɗan garin doya ne ni, na san darajar iri, kuma na ji daɗi ƙwarai da na san wakenmu yana kwance a can.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mu ba baƙin bindiga ba ne. A bikin Damba da jana'izar manya, 'yan bindigar sarki suna ɗura albarushi su saki, ƙasa ta girgiza, mata su yi guɗa. Wanda ya je gandun dajin Mole ya bi ma'aikacin daji a ƙafa, bindiga rataye a kafaɗarsa, har gaban giwaye, kuma hankalinsa kwance. Waɗannan duk bindigogi ne da ake gani, an san mai su, an san don me aka ɗauko su. Wadda ta cinye mu ita ce wadda ba a gani. Rigimar da ta tashi a kasuwar Nakpayili, nan kusa da mu, a kan cinikin zabo a farkon 1994, ta ci rayuka aƙalla 2,000 da ƙauyuka sama da 400, kafin a kai ga sulhun Kumasi a 1996. Zabo bai kashe kowa ba, ƙasa da sarauta ne a ƙarƙashi, kuma makaman sun riga sun kwana a ɗakuna suna jira. A watan Yunin 2014 aka kashe sarkin Bimbilla, Naa Dasana Andani, a fadarsa. A Fabrairun 2017 aka sake zubar da jini a garin, yawancin mamatan mata ne da yara. A Bawku abin ya kai hukuma ta hana sa batakari, rigar da muke alfahari da ita, saboda ana ɓoye makami a ƙarƙashinta. A Longyearbyen na zauna cikin mutanen da bindiga ta yi musu yawa, na yi barci ƙofa ba kulle, domin duk wanda na gani da ita na san ba don ni ya ɗauko ta ba, kuma ya buɗe mini cikinta na gani.

Ba na cewa mutanen can mala'iku ne. A Disamban 2018 wani baƙo ya yi hayar bindiga ya shiga bankin garin ya ƙwaci kuɗi, fashin banki na farko a tarihin tsibiran. Cikin ɗan lokaci aka kama shi, domin ba hanyar mota da ta haɗa garin da ko'ina. Ba na kuma cewa abin da ya yi aiki a garin mutum 2,500 marasa rikicin gado zai yi aiki a Nanung, yankinmu na Bimbilla, ko Dagbon, yankin Yendi, yadda yake. Su abokin gabarsu ɗaya ne, kuma ba ɗan'uwansu ba ne. Amma akwai abin da na gani da ba ya buƙatar ƙanƙara. In aka harbe beyar guda, ko don kare rai ne, dole a sanar da ofishin gwamna nan take. 'Yan sanda su zo, su auna tazarar, su ƙirga kwanson harsashi, su yi wa kowa tambayoyi, a duba ko an bi matakan kora kafin a harba. Wanda aka samu da sakaci ya biya tara. Dabba ke nan. Mu kuwa an kashe sarkin Dagbon, Ya-Na Yakubu Andani na Biyu, a Yendi a watan Maris na 2002 tare da mutane da dama, a Maris na 2011 kotu a Accra ta sallami mutum 15 da aka gurfanar saboda hujja ba ta isa ba. Wannan bambancin ya fi ciwo a raina fiye da duk sanyin da na sha.

Ina da kawu maharbi, wanda ya yi rayuwarsa yana bin gada da zomo da zabin daji a dazukan bakin kogin Daka. Na kira shi daga can, bayan mun gaisa na ba shi labarin rabin ɗuri da buɗe sakata.

Ya ce, “Ɗana, ai wannan ba sabon abu ba ne. Mu da muka koyi harbi a hannun iyayenmu, ba ka shiga gari da bindiga a ɗane. Tun daga bakin rafi kake sauke kunama, ka cire hular, ka ɗaga baki sama. In babba ya gan ka ka shigo da ita a ɗane, a ranar za a karɓe ta.”

Na ce, “Kawu, to kaya fa? In ga buhu a baya, ina kuke sa ta?”

Ya ce, “Buhu a baya, bindiga a kafaɗa, hannu a kanta. Wanda ya ɗaure bindigarsa cikin kaya, itace ya ɗauko. Amma ku da kuke hawan dutse da hannu biyu, ban ga laifinku ba. Ita dabbar, ana cin namanta?”

Na ce masa an hana ko matsarta, balle ci. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko su waye ke rubuta sunayen masu bindiga a can, kuma ko gaskiya ne ana ƙirga harsashi in an dawo. Na ce gaskiya ne, ni ma da hannuna na mayar da nawa, aka ƙirga a gabana, na sa hannu a littafi. Ya ce in na dawo in zo in maimaita wannan bayanin a gaban 'yan ƙungiyarsu ta maharba, ranar kasuwa bayan la'asar, domin akwai samari a cikinsu da suka sayi bindiga a hannun maƙera ba wanda ya taɓa koya musu yadda ake shiga gari da ita. Na amsa masa, kuma da na dawo na je.